Basilla da Takalman Hagu

An ce wai aljanu ne suka ba Basilla kwangila. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya rantse da almakashinsa cewa wata runduna ce ta aljanu masu ƙafa ɗaya, ta hagu, suka zo da rana tsaka suka yi odar takalma, shi ya sa mutumin ya kulle ƙofa ya daina karɓar aikin bil'adama. Kafin labarin ya kai bakin titi takalman sun cika buhu. Kafin ya tsallaka titi sun cika mota. Da ya iso gidanmu kuwa, har an ga sarkin aljanun da kansa zaune a benci yana gwaji, yana ƙorafin an matse masa ɗan yatsa.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Babu aljanin da ya taɓa shiga shagon nan, don ko ya shiga warin gam zai koro shi. Takalman hagu dai gaskiya ne, akwai su, amma kanta ɗaya suka cika. Wanda ya yi odarsu kuma mutum ne mai ƙafa biyu, yana da mata da 'ya'ya da baƙar magana, kuma ba wani ba ne illa shi Basillan.

Ɗan goggona ne, ni ɗan kawunsa, saboda haka lasisin tsokanarsa yana hannuna har ranar da ɗayanmu zai riga ɗaya. Sunan ya samo shi ne daga babbar allurar da ake ɗinkin fata da ita. Dogo ne siriri kamarta, kuma bakinsa ba ya taɓa abu ya bar shi ba huda. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene, dab da inda motoci ke sauke fasinja. In ka sa ƙafar dama a ciki, ta hagu tana waje tana jiranka. Amma a cikin wannan ɗan wuri akwai benci, akwai gwangwanin ƙusoshi, akwai rediyon da aka ɗaure da roba don kada hanjinsa ya zubo, ga ƙafafun katako na gwaji rataye a bango reras, manya da ƙanana.

Basilla bai san fuskar kowa ba, ƙafa ya sani. Ya taɓa wuce surukinsa a hanya bai gaishe shi ba, don kawai tsohon ya sake takalmi. In ya kalli dunduniyarka zai gaya maka ko kana da gaggawa, ko kana da ciwon baya, ko kana gudun wani. Duk wanda ya wuce ƙofar shagon kuwa gaisuwa ɗaya ce, a ce, "Basilla, ya aiki?" Shi kuma ko kai ba ya ɗagowa, ƙusa a baki, sai ya ce, "Aiki yana ƙafarka, cire ka miƙo." Shekara da shekaru ana wannan, har yaran layin suka haddace, suna yi wa juna a wasa.

Abu ɗaya ya fi so bayan fata da zare, shi ne shayi. Ba ya zuba sukari a shayi, shayi yake ɗigawa a sukari. In ya tsayar da cokali a kofinsa, cokalin yana nan tsaye kamar soja har a gama sha.

Da ciwon ya zo, sannu a hankali ya shigo. Ƙishirwa ta fara, yana shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi. Sai zaryar banɗaki, har mai aski ya ce ya kamata a mayar masa da shagon can kusa. Sai rama, mutumin da da ma can ba shi da abin ramewa. In ya juya gefe sai ka neme shi. Amma bai yarda ya je asibiti ba sai ranar da ya kasa zura zare a basilla, ya yi ta kai hannu yana kuskure, ramin ya zama biyu a idonsa. Aka auna jini, aka ce ciwon suga ne. Aka ba shi ƙwayoyi da ɗan injin awo, da dogon bayani kan abin da zai ci da wanda zai bari.

Daga ranar gidansa ya koma ofishin 'yan sanda. Matarsa, wadda tun lokacin muke kira Sufeto, ta kama aiki ba hutu. Ta ɓoye gwangwanin sukari inda ita kanta sai da ta neme shi ta rasa. In ya kai loma baki idonta na biye da ita har maƙogwaro. Goggo, mahaifiyarsa, ta riƙa aiko da jiƙe-jiƙe masu ɗacin da ko ƙuda ba ya sauka a kai. Dangi kowa ya zama likita. Wannan ya ce a bar shinkafa, wancan ya ce shinkafa ba ta da laifi, burodi ne mugun. Wani ya ce ya san mutumin da ya warke da tafarnuwa, da aka bincika ashe mutumin ya rasu tun bara. Duk da ƙauna suke yi, wannan ba a musu. Amma ƙaunar da ta yi yawa a kan farantin mutum, tana hana abinci wucewa.

Kowace safiya sai an soki yatsa. Mutumin da basilla ta huda hannunsa sau ba adadi bai taɓa cewa wash ba, ya koma jin faɗuwar gaba in ya ga 'yar allurar nan da ba ta kai ƙayar kifi ba. Zafin bai dame shi ba, lambar ce. Injin zai yi ɗan shiru, gida ya yi shiru tare da shi, sannan ya fito da hukunci. In lambar ta sauka, Sufeto ta ce ka gani, da ka bi maganata. In ta hau, a fara bincike: me ka ci a shago, wa ya ba ka, ka faɗi gaskiya. Wani lokaci ya bi duk dokar, ya ci ganye kamar akuya, ya sha ruwa lami, washegari lambar ta hau abinta. Ya rantse, a kalle shi da ido irin na wanda aka kama da hannu a tukunya.

Sannan gaisuwa ta sake. Ba wanda ya shirya hakan, haka kawai ta juya. Masu wucewa suka daina cewa ya aiki, suka koma, "Basilla, ya suga?" Mai aski ya suga, mai kanti ya suga, direbobi su leƙo ta taga ya suga. Ya lalubi amsa mai huda a cikin bakinsa ya rasa, sai dai ya ce da sauƙi. Mutum ya shafe rayuwarsa yana gina suna da guduma da zare, rana ɗaya a mayar da shi lamba a fuskar inji.

Akwai kuma abin da ke ƙasan zuciyarsa wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa, wanda ya koya masa sana'ar, da wannan ciwon ya tafi. Kafin ya tafi sai da aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Aikin ƙarshe da Basilla ya yi wa tsohon shi ne warin takalmi ɗaya, na hagu. Tsohon ya karɓa ya jujjuya, ya yaba ɗinkin, ya yi dariya ya ce ai yanzu ya rage masa rabin wahala. Basilla ya taya shi dariyar, ya fita waje ya jingina da bango.

Wata rana da yamma ya dawo gida, ya cire takalmi zai wanke ƙafa, sai ya ga safar dama ta manne, da jini a ƙarƙashin babban yatsa. Ya zura hannu cikin takalmin. Tsinin ƙusa ne ya leƙo ta tafin. Ya yini yana takawa, ya je kasuwar fata ya dawo, bai ji komai ba. Mai gyaran takalman duniya ya yini da ƙusa a nasa. Ya daɗe zaune a bakin famfo yana kallon ɗan ramin, ɗan mitsitsi ne, ko ƙwayar wake bai kai ba. Amma shi ba rami yake gani ba, gadon asibiti yake gani da zanin da ya kwanta shafal a inda ya kamata ƙafa ta tasa shi. Ya naɗe wurin da tsumma, ya mayar da safa. Daga ranar ko zafi ake kamar a gasa mutum, Basilla da safa yake kwana. Sufeto ta tambaya, ya ce sanyi yake ji.

Daga nan bakinsa ya mutu. Mu da muka saba shan huda muka fara samun lafiya, kuma lafiyar ba ta yi mana daɗi ba. In gari ya waye sai ya ji kamar an shimfiɗa masa jiƙaƙƙiyar fata a ƙirji, tashi daga gado ya zama aiki guda. Rediyon da yake musu da shi kullum ya koma masa hayaniya, ya kashe. Abinci ya zama kamar kwali a bakinsa. Autarsu ta kawo masa sakamakon jarrabawa, ta zo ta ɗaya a aji, ya duba ya san ya kamata ya yi murna, ya nemi murnar a cikinsa bai same ta ba. Abin da ya sami ƙafarsa shi ya sami zuciyarsa: a taka, a soka, ba ta ji. In an tambaye shi ya ce ba komai. Ƙwayoyin da Sufeto ke ƙulla masa a takarda don ya sha da rana, ya riƙa zuba su a gwangwanin ƙusoshi. Wa zai ɓata man gogewa a takalmin da za a jefar?

Sai wani tunani ya zo masa, kuma a lokacin gani yake babu tunanin da ya fi shi hankali. Ƙafar dama dai ta tafi, saura rana. Ido ya fara dushewa, hannu ma zai bi. In ya kwanta, wa zai yi wa ta hagun takalmi? Ya hango Auta tana bin shagunan abokan sana'arsa tana roƙon a ɗinka wa babanta wari ɗaya, ana tausaya mata, ana ɗinka masa abin da shi ba zai ba maƙiyinsa ba. Gara ya yi wa kansa tanadi tun yana gani.

Haka ya riƙa zuwa shago ya kulle ƙofa ta ciki, ya kunna ƙwan lantarki, ya sauko da ƙafar katako ta hagu. Ya zaɓi fata mafi kyau, wadda ya daɗe yana ɓoyo. Ya ɗinka na zaman gida. Ya ɗinka na damina. Ya ɗinka baƙi mai sheƙi na zuwa taro, don ranar da Auta za ta gama makaranta, ko da a keken guragu za a tura shi. Kuma maganar gaskiya bai taɓa aiki mai kyan wannan ba, ɗinki kamar an jera haƙoran jariri. Takalman mutane kuwa suka taru a kusurwa suna shan ƙura, masu su na ƙwanƙwasa ƙofa yana jinsu ya yi lamo.

Wata mata ce ta tona asirin, ta biyo shi har gida tana neman takalman makarantar 'ya'yanta da ta kai gyara tun kafin hutu. Sufeto ta ba ta haƙuri, ta ɗauki mayafi ta nufi shagon da tsakar rana. Irin bugun da ta yi wa ƙofar nan, da bai buɗe ba da ta shigo da ita a hannu. Mai aski ya bar kan wani rabi a aske, ya zo yana miƙa wuya ta bayan kafaɗarta. Abin da ya samu gani kafin ta rufe ƙofar a kan hancinsa shi ne kantar nan, takalma jere, duk suna kallon gefe ɗaya. Sauran labarin shi ya ƙera abinsa.

Sufeto ta bi kantar da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ita ce ta yi jinyar mahaifinsa, ita ta riƙa goge masa warin takalmin nan, ba ta bukatar a yi mata fassara. Duk da haka ta tambaya.

"Baban Auta, ina warinsu?"

"Ba za a buƙace su ba."

Tarihi bai taɓa ganin rana irin wannan ba, Sufeto ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa a kan ɓarɓashin fata da ƙusoshi, ta kama ƙafar dama. Ya janye, ta riƙe. Ta zare safar, ta warware tsumman. Ramin da bai kai ƙwayar wake ba ya buɗe, gefensa ya yi fari, yana ruwa, yana wari. Idonta ya sauka kan gwangwanin ƙusoshi, ta ga ƙwayoyin a ciki. Ya jira faɗa, har ya sunkuyar da kai don ya wuce ta sama. Sai ta ɗora ƙafar a cinyarta.

"Kullum injin nake tambaya," ta ce. "Ban taɓa tambayarka ba."

Ya ce mata ta bar shi kawai, ya san abin da ke asibiti, zarto ne. Ta ce ko me za su ɗauko, tana tsaye a wurin, ya tashi su tafi. Ta ɗaure ƙafar da gefen mayafinta, ta tare mota a ƙofar shagon.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su, wadda kowa ke kira Sista, gajeriya ce mai tabarau, ba ta da lokacin wasa. Ta wanke ciwon, ta kankare abin da ya mutu, ta danna nan ta danna can, ta laluba jijiya a idon sawu. Basilla ya kafe rufin ɗakin da ido yana jiran kalmar. Sista ta ce ya makara, amma bai makara ƙwarai ba. Jini na zuwa ƙafar, ciwon bai kai ƙashi ba. In ya sha magani, ya riƙa zuwa wanki, ya daina ɗora nauyi a wurin, tana sa ran zai rufe. Ya ce yaushe za a yanke. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce wa ya yi maganar yanka.

Tana naɗa bandeji tana tambaya. Yana barci? Yana cin abinci? Abin da yake jin daɗinsa da, har yanzu yana ji? Ya yi ta ba ta ba komai, ba komai. Sai ta ce wace sana'a yake yi. Ya ce takalmi.

"To, ya aikin?"

Amsar tana nan a kan harshensa, shekaru tana fita da kanta ko yana barci. Ya buɗe baki, ba ta fito ba. Abin da ya fito ta ido ya fito. Na ji an ce sai da aka kira mai goge-goge ta zo da bokiti, amma wannan daga bakin mai aski ne. Abin da na tabbatar shi ne Sista ta ja labule, ta ja kujera ta zauna, ta bar layi yana jira. Basilla ya zazzage mata duka, da tsoho, da ƙusa, da lamba, da kantar takalman hagu. Ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya ce bai taɓa shirin yi wa kansa komai ba, amma akwai safiyar da yake ganin da bai farka ba ma da ya huta. Ba ta wuce maganar ba, a ranar ta haɗa shi da likita.

Suka ce masa abin da ke damunsa yana da suna, ciwon damuwa ne, kuma yana yawan bin masu suga. Ya ce shi fa ba mahaukaci ba ne. Sista ta ce ba wanda ya ce haka. Mutum ya wayi gari kullum da awo da doka da tsoro, dole zuciya ta gaji. In ta gaji a saki magani, in an saki magani suga ya hau, in ya hau zuciya ta ƙara gajiya. Ta ce shi ma ciwo ne kamar na ƙafar, ana wanke shi, ana ba shi magani, in an ɓoye shi a safa ne yake ruɓa. Aka rubuta masa ƙwaya, aka sa masa ranakun zuwa zama da mai ba da shawara. Sufeto ma aka zaunar da ita, aka ce ta ajiye kakin 'yan sanda, lamba bayani ce, ba shari'a ba.

Da za su fita Sista ta ce saura abu ɗaya. Ƙafar na bukatar takalmi na musamman, mai faɗin gaba, mai laushin ciki, babu ɗinki ko ɗaya da zai goge fata, da rami a tafin daidai ciwon don kada ya taɓa ƙasa. Irinsa yana wuyar samu.

"Tunda sana'arka ce, kai za ka yi," ta ce. "Na dama nake so."

Kada wani ya ɗauka washegari ya tashi yana rawa. Ƙwayar damuwa ba ta aiki da gaggawa, makonni suka shuɗe yana jan jiki. Wata rana ya ɗan sami sauƙi, washegari jiƙaƙƙiyar fatar ta dawo ƙirji. Sufeto ta kwaso masa kayan aiki ta jera a tsakar gida, ya zauna ya ɗora ƙafa a kujera yana kallon kwalin da zai zana awo a kai, ya kasa. Zana ƙafar dama yana nufin ya yarda tana nan, kuma ya riga ya yi mata sallama.

Da Sufeto ta gaji da gani, ta shimfiɗa kwalin a ƙasa, ta ɗora ƙafar a kai, ta ɗauki fensir ta zagaye da kanta. Hannun da ya saba da ludayi ne, layin ya tafi yawo ya dawo. Ta miƙa masa tana jiran yabo. Ya duba, ya juya kwalin, ya sake dubawa.

"Wannan ƙafata ce ko kifi kika zana?"

Sufeto ta shige ɗaki da sauri ta ɗauki waya. Ta fara kiran Goggo, tana kuka tana dariya, wai Baban Auta ya yi mata baƙar magana. Kafin la'asar dangi kaf sun ji, ana ta yi wa juna barka kamar an yi haihuwa. Shi kuwa ya karɓe fensirin, ya sunkuya, ya zagaye ƙafarsa a hankali, yatsa bayan yatsa, ya ɗan dakata a babban kafin ya wuce.

Takalmin da ya fito, gaskiya ba kyau. Kwale-kwale ne sosai, da za a sa shi a ruwa da ya tsallakar da mutum biyu. Ya juya ɗinkin ya koma waje, ya shimfiɗa soso a ciki, ya lulluɓe da fata mai laushi kamar kunnen ɗan akuya. A hagu kuma ya sa baƙin nan mai sheƙi. Haka ya riƙa zuwa wanki, ƙafa ɗaya ango, ɗaya masunci. Sista ta zura hannu ciki ta shafa ko'ina, ta ce haka take so.

A bencin jira na asibitin ne tsohuwar ɗabi'a ta farka. Masu suga jere, kowa ya yi tagumi, shi kuma idonsa a ƙasa yana bin ƙafafu. Kusa da shi wani tsohon direba ne da takalmin roba da ya matse shi har yatsu sun hau juna. Basilla ya daure, ya kau da kai, ya sake dubawa. Direban ya juyo ya ce masa ya suga.

"Suga yana jini," in ji Basilla. "Aiki yana ƙafarka. Cire ka miƙo."

Ya zura hannu, ya sami wani tudun roba da ke cin ɗan yatsan mutumin, wurin har ya yi ja, shi bai sani ba. Ya tura shi wurin Sista a take. Kafin a kira sunansa ya laluba takalman rabin bencin, ana ta dariya, wata tsohuwa na cewa ita kam ba za ta cire ba sai mijinta ya yarda. Daga nan hira ta ɓarke. Wannan ya ce shi ma an mayar da gidansa kotu. Waccan ta ce ta yi wata ba ta son ganin kowa, ta ɗauka rashin godiya ne. Basilla ya ce a'a, yana da suna, ta shiga ta gaya wa mai tabarau.

Ciwon ya rufe a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama ɗan tabo. Yatsunsa biyar cif, na ƙirga. Ranar da Auta ta gama makaranta, da ƙafafunsa ya taka ya shiga zauren taron, cikin sabon takalmi hagu da dama, masu faɗin gaba duka biyun. Da aka kira ta, mutumin nan ya miƙe tsaye yana tafi har sai da na baya suka ce dogo ya zauna. Daga baya ya gaya wa Sufeto cewa ya nemi murnar, ya same ta tana nan.

Suga bai tafi ba, ba ya tafiya. Yana awo, yana shan magani, shayinsa yanzu cokali faɗuwa yake. Akwai ranakun da nauyin ke leƙowa, amma yanzu yakan ce wa Sufeto yau fa fatar ta jiƙe, ita kuma ta zauna kusa da shi ba tare da ta ɗauko inji ba. Shago ya cika, rediyo ya dawo da musu. Masu suga daga unguwanni suna zuwa a yi musu kwale-kwale, kuma ba ya sallamar kowa sai ya tambaye shi ko yana barci. Masu wucewa sun koma ya aiki, don wanda ya yi kuskuren ɗaya gaisuwar ya san abin da ya sha. Takalman hagun suna nan a kantarsu, ya ƙi sayarwa, ya ƙi yi musu wari. Ya ce yana so ya riƙa ganin inda ya je ya dawo.

Kwanan baya na leƙa shagon, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na ce ranka ya daɗe ɗan kwangila, na ji sarkin aljanu ya fasa odar, ko a ba ni kayan in kai wa masu ɗingishi. Na ce kuma dangi na tambaya, wai da gaske ne ranar da ya yi kuka a asibiti sai da aka kwashe marasa lafiya zuwa bene na sama saboda ambaliya. Bai ɗago ba. Ya ja zare ta cikin kaki, ya zura a basilla tashi ɗaya, ya gwada tsinin a babban yatsansa.

"Ƙafa ta rufe, zuciya tana kan hanya," ya ce. "Yagaggen abu ɗaya ya rage a danginmu, ga shi ya kawo kansa. Bakin nan naka, ɗan kawu. Cire ka miƙo."